Yadda Za Ka Yi Wa Kujerar Surukinka Fentin Hoda

Bi matakan nan daki-daki, ni kuma na ɗaukar maka alkawari surukinka ba zai sake mantawa da kai ba.

1. Cika baki

Jira ranar da zai koka cewa kujerarsa ta ƙarfe ta yi tsatsa. Gyara murya ka ce, "Baba, fentin buroshi ai tsohon yayi ne. Yanzu hoda ake fesawa a gasa, har jikoki su gaji kujerar." Kada ka faɗa masa a waya ka taɓa kallon aikin. Zai ce, "Madalla, ɗana. Ranar taron dangi a kanta zan zauna."

2. Raina tsatsa

Masu sana'ar sai sun kankare ƙarfe ya yi fes kafin su fesa komai. Ba su da aikin yi ne. Kai share ta da tsumma, ya wadatar.

3. Aro bindigar feshi

Mai waldan layinku yana da ita. Zai ce, "Ka maƙala wayar lantarkin nan jikin kujerar fa, in ba haka ba hodar ba ta kamawa." Ce masa, "Haba, ni za ka koya wa?" Sannan ka manta. Rabin shuɗiyar hodar zai sauka a gemunka, wani a shanyar maƙwabta, saura a kujera.

4. Gashi

Hodar ba ta zama fenti sai ta narke a tanderu, kai kuwa ba ka da shi. Za ka leƙa obin ɗin kicin. Matarka za ta tare ƙofa ta ce, "Wallahi ka sa ƙarfen nan inda nake gasa kek, kai da kujerar a waje za ku kwana." Kada ka ja da ita, dama ƙafa ɗaya ce za ta shiga. Ajiye kujerar a rana. Rana ma ai wuta ce.

5. Miƙa aiki

Ɗauke ta a hankali kamar ƙwai, kada kowa ya taɓa. Ranar taron, Baba zai fito da farar rigarsa ta fita kunya, ya zauna, ya yaba maka a gaban kowa, ya yi gumi. Da ya miƙe gaisawa, za a ga zanen kujerar sak a bayansa, tsatsa kuma ta dawo tana kallon jama'a. Sunkuyar da kai. Matarka za ta karɓi rigar cikin jin nauyi, ta kakkaɓe, ta bi da dutsen guga. Zafin gugar zai yi abin da rana ta kasa: hodar za ta narke ta kama zare, babu sabulun da zai fitar da ita.

Ka ga ba ka yi ƙarya ba. Jikoki za su gaji aikinka, a jikin riga.

Gargaɗi: Ba ruwan marubuci da rigar da ta lalace, ko gaisuwar da aka daina amsawa. In surukinka ya tambaya, ban san ka ba.