Katifar Iska da Alwalar Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka zo neman auren Yaya Hadiza ba. Ko na manta, 'yan ƙauyenmu za su tuna min.

Ina da katifar iska, irin wadda ake hurawa da famfo, ka ƙara ko ka rage yadda bayanka yake so. Tun ina ajin farko a jami'a na saye ta a Kano, kuma na yi mata nazari fiye da wasu darussana. Na lura da sanyin safiya tana laushi, rana na ɗagawa sai ta yi tauri kamar ganga. Da ta kwana biyu ta fara kumbura ta gefe ɗaya, har ƙaya ta huda ta, na kai wa mai faci a Minjibir ya liƙe. Tambaya ɗaya ta rage min: facin nan, nauyin wa zai iya ɗauka?

Baƙin daga Ɗanbatta suke. Jagoransu baffan saurayin ne, Alhaji Bala, mutum mai jiki, ga ciwon baya. Baba ya sa aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiyar ƙofar gida. Ni da ba na iya haɗa ido da baƙo, sai na ga hanyar yin hidima ba tare da buɗe baki ba. Na hura katifar tam (a lissafina, iya girman baƙo iya yawan iska), na rufa mata darduma, na koma gefe.

"Malam Idi, ɗan nan naka zai sangarta ni," in ji Alhaji ga Baba, yana lumshe ido. "Rabon bayana da irin wannan daɗi har na manta."

Ana ta gaishe-gaishe, inuwa ta matsa, rana ta kama gefen facin. Na san abin da ke faruwa a cikin robar, amma da wane baki zan ce wa dattijo ya ɗaga? (Tsakani da Allah, ina kuma son ganin sakamako.)

Alhaji ya gyara zama, ya ce, "To Malam, mu dai iri muka zo nema..."

Sai katifa ta amsa. Wata ƙara siririya, doguwa, daga ƙarƙashin babbar rigar Alhaji, har da lanƙwasa a ƙarshe.

Baba ya duƙufa kan carbi. Kawu Sule ya ƙura wa wata akuya ido kamar zai taya ta.

Ga shi la'asar ta yi, kuma a gidanmu babban baƙo ake ba limanci. Idan Baba ya miƙa masa buta, ya tabbatar da zargi. Idan bai miƙa ba, sallar jama'a fa? Fuskar Alhaji ta ɗaure, ƙaninsa ya fara laluben takalmi. Auren Yaya yana sulalewa tare da iskar.

Na miƙe. "Baba... alwalar Alhaji tana nan. Facina ne."

Da na tsaya a nan da sauƙi. Ina! Na ɗage darduma, na shiga yi wa dattawa bayanin yadda zafi ke kumbura iska, Alhaji kuma yana nutsewa a hankali har ya dangana da ƙasa.

Ya dube ni daga can ƙasa, sai ya fashe da dariya. "Ashe ina da mai shaida! Yaro, ka wanke ni, amma ka kayar da ni. Zo ka ɗaga limaminka."

Shi ya ja mu salla, aka kuma ba su Yaya Hadiza. Har yau idan na je Ɗanbatta, 'ya'yanta "Kawu Mai Faci" suke ce min.

Na dai samu amsar tambayata: facin yana ɗaukar ɗalibi mai cin garau-garau, ba ya ɗaukar baffan ango. Baƙo kuwa, tun daga ranar tabarma nake ba shi. Ita ba ta da daɗi, amma ba ta tsoma baki a maganar manya.