Ranar Da Na Zama Tafintar Yare Huɗu

Ko zan manta komai, ba zan manta da taron iyayen yara na makarantar su 'yata Zainabu a Bolari ba. Lokacin ne mutanen Borno da Yobe suke ta shigowa Gombe gudun hijira, kowane aji ya cika da yara masu yare daban-daban. Sai aka ce umarni ya zo a riƙa koyar da ƙananan yara da harshen uwa, aka raba wa iyaye takarda kowa ya rubuta yaren da yake ji.

Ni kuwa ban daɗe da gama ajin yaƙi da jahilci ba, hannuna na ƙaiƙayin biro. Na rubuta Fulatanci (babana), Teranci (innata), Wajanci (dangin maigida), na ƙara da Barbarci saboda maƙwabciyata. Gaskiyar magana, a dukkansu gaisuwa kawai na iya, sai ɗan faɗan da ake yi wa yara.

Ranar taro wani jami'i ya zo daga ofishin ilimi, ya ce kowa ya yi magana da yarensa, kada wanda ya yi Hausa, alhali duk ɗakin Hausa muke ji. Hedimasta ya ɗaga takardata, ya ce Allah ya kawo musu tafinta. Kunya ta hana ni musu.

Jami'in ya yi bayani mai tsawo. Na juya na gaishe da Fulani, suka amsa. Na gaishe da Terawa, suka amsa. Jami'in har da gyaɗa kai, wai saƙo yana shiga.

Sai wata tsohuwa 'yar gudun hijira, Ya Falmata, ta miƙe ta yi ta zuba Barbarci tana nuna ƙofar aji. Ban tsinci ko kalma ɗaya ba. Na gyara mayafi na ce, "Ranka ya daɗe, godiya take yi."

Ta dube ni, cikin Hausa tsantsa ta ce, "'Yar nan, wace godiya? Cewa na yi jikana wata uku ba a ba shi aji ba, a bakin taga yake karatu."

Dariya ta ɓarke a ɗakin. (Zainabu kwana biyu ba ta yarda mun jera a hanya ba.) A ranar aka rubuta sunan yaron, da Hausa aka ƙarasa taron.

Ni dai na ɗauki darasi: abin da ka iya a bayan masu shi, kada ka yi alfahari da shi, don wata rana a gabansu za a tsayar da kai.