Rasuwar Gadar Katakon Fadama

Shin mutum yana ɗaukar alhaki don ya kyautata wa maƙwabtansa zato? Na tambayi kaina, na tambayi liman, har yau ban sami amsar da ta zauna mini ba. Da wannan tambaya, da zuciyar da baƙin ciki ya cika, ni Isma'ila kafinta, a madadin mutanen unguwarmu da ke gabas da Banga, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Ƙaura, Shinkafi da Zurmi rasuwar gadarmu ta katako, wadda ta haɗa unguwa da gonakin fadama. Ta cika ranar Laraba da hantsi, a tsakiyar damina, bayan doguwar jinyar da kowa ya gani amma ba wanda ya je dubiya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Liman ya ce ana faɗar haka a kan kowace irin hasara, don haka kada wani ya ce na yi wasa da addini.

Marigayiyar 'yar asali ce. Ginshiƙanta na ƙirya ne, shimfiɗarta ta maɗaci. Ni na haɗa ta da hannuna, ban kuwa sa mata ƙusa ba, domin ƙusa a bakin ruwa ba ta daɗewa take komawa jan gari. Na je Ƙaura na nemo dogayen notuna na farin ƙarfen da ba ya tsatsa, masu kaurin ɗan yatsa, kowane da kai mai kusurwa shida. Irinsu ba a buga su da guduma. Sai an fara huda katakon, sannan a riƙa juya su da sufana a hankali, suna cin itacen har kan ya zauna daram. Ruwa ya hau kansu, rana ta gasa su, suna nan fari fat kamar ranar da na kwance su daga leda.

A rayuwarta ba ta taɓa tambayar mai wucewa ko shi ɗan wane ne ba. Ta ɗauki jaki da buhunan gero, ta ɗauki babur da mutum uku a kansa, ta ɗauki amarya, ta ɗauki makara. Kafin zuwanta, idan ƙorama ta kawo, mata sukan zauna a gaɓa da kwandunansu har la'asar suna jiran ruwa ya sauka. Ba ta da yawan magana. Idan ka taka ta, abin da za ka ji kawai shi ne dum, dum, murya mai kauri irin ta mai lafiya.

Ranar da na ɗaure notin ƙarshe, Maccido mai injin niƙa, abokina tun muna yara, ya tsuguna ya shafa kan ɗaya daga ciki. Ya ce in ɗauko magagari in cinye kusurwoyin nan, kan ya koma mulmulalle yadda sufana ba za ta ƙara kama shi ba. Na ce ba zan yi ba. A ganina, goge kan noti daidai yake da in tsaya a ƙofar masallaci in kira jama'a ɓarayi tun ba su taɓa komai ba. Mutanen da suka sari ƙiryar nan da gatarinsu, suka ɗauko ta a kafaɗa, su zan kulle wa gadarsu? Maccido ya yi dariya ya kaɗe gwiwarsa.

"Malam Isma'ila, ni ban ce kowa ɓarawo ne ba. Kaina na sani."

Na ɗauka raha ce irin tasa.

Ciwon ya shigo ne shiru, da rani. Wata safiya na ga rami a gefen katako inda a da akwai farin kan noti. Ƙusa mai tsatsa ko an so a cire ta ba ta fita, tare take mutuwa da itacenta. Notunana kuwa, saboda nagartarsu, juyi kaɗan suke so su fito sumul, a shirye su shiga wani aikin. Babu wanda ya zo da buhu. Kowa ɗaya ya ara, daga gefe, yana cewa a ransa gada mai notuna haka ba za ta san an ɗauki ɗaya ba. Ina cike ramukan da ƙusa idan na samu. Muryarta ta sauya, daga dum, dum ta koma ƙiii, ƙaƙ. A makonninta na ƙarshe katako ɗaya yana ɗagawa yana komawa, kwaf, kwaf, mu kuwa sai muka koyi tsallake shi.

Inna Saratu, tsohuwar da ke noman kuɓewa a fadama tun rasuwar mijinta, idonta bai kai ga gane katakon da ake tsallakewa ba. Tana dawowa da kwando a ka ta taka shi, ya tashi, na kusa da shi suka zame, tsakiyar gadar ta rufta cikin ruwa da ita. Masu noma a kusa sun ce kalmar ƙarshe da marigayiyar ta furta ita ce ƙwas. Su suka tsamo Inna. Ƙafarta ta karye a ƙasan gwiwa, yanzu tana wurin mai ɗori a Katuru, a gidan 'yarta Nazifa. Kuɓewarta na can tana tsufa a jikin kara, masu gona a ƙetare kuma sai sun yi dogon zagaye kafin su kai. A gidan Inna Saratu babu sufana, ba a taɓa yi ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar ɗiya da yawa, wato notunanta, dukansu cikin ƙoshin lafiya, ba wanda ko tabo ya yi. Wani yana riƙe da ƙyauren wani shago. Wasu suna jikin amalanken da ke zuwa kasuwar Shinkafi. An ce ɗaya ya yi nisa har Zurmi a cikin gadon amarya. Akwai wanda ke riƙe da bencin ƙofar masallaci, inda muke zama bayan magariba muna tattauna wa ya kashe gada. Ba zan kama suna ba sai na Maccido, domin shi ya zo da kansa ya ce in sa nasa: teburin injinsa da ɗaya daga cikin ɗiyan marigayiyar yake tsaye.

Liman ya ce zunubi na wanda ya ɗauka ne. Matata Hamida ta ce na wanda aka gaya wa ya ƙi ji ne, ta kuwa faɗa tana duban idona. Maccido ya ce a raba mana kamar gado, a ba ni kaso biyu. Ni na rasa inda zan aza wuƙar. Noti ɗaya bai kashe ta ba. Mutumin ƙarshe bai ɗauki fiye da na farko ba, to me ya sa nasa ne ya zama ajali? Kuma ni da na ƙi zargin kowa, na yi haka ne don su, ko don ina son in riƙa jin cewa ni mutum ne da ba ya zargin kowa? Wannan ita ce ke hana ni cin tuwo.

Na je Katuru dubiya. Na durƙusa a bakin tabarma na gaishe ta, na kwashe mata bayanin duka, har da maganar ƙofar masallaci. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama sai ta janye zanen da ya rufe karan ɗorin.

"Kunyarsu ka ji, ɗan nan. To ga ƙafa."

Daga nan ta tambaye ni ko za a iya tsallakawa kafin a yanke gero. Ban da wannan ba ta nemi komai ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a bakin ƙorama. Ana roƙon maza su zo da igiya da gajeren wando, domin gawar tana cikin ruwa. Katakon da ya tsira za a jingine shi ya bushe don wadda za ta gaje ta, wanda ya karye kuma a kai wa Inna Saratu na hura wuta. Babu zaman makoki, babu abincin sadaka. An ajiye ƙwarya a zauren gidana, an rufe ta da faifai, ƙofar zaure a buɗe take. Duk mai riƙon ɗaya daga cikin marayun zai iya maido shi, ba wanda zai ɗaga kai ya ga ko wane ne.

Mai son yin ta'aziyya ya same ni a rumfar aikina. Ya yi haƙuri idan ban miƙa masa hannu ba. Zai tarar da ni da magagari, ina gwada shi a kan notin da Maccido ya maido, ina koyon yadda zan cinye kusurwoyin idan na ɗaure sabuwar. Ƙarfen yana da tauri ƙwarai, ba ya ciyuwa da sauri.