Rasuwar Buvi, Kwamfutar Ɗakin Tsintsiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin ciki zafi, Malama Sarvinoz Ergasheva tana sanar da iyaye da malamai rasuwar tsohuwar kwamfutarta, wadda yara ke kira Buvi, wato Kaka. Ta cika ranar Laraba da rana tsaka, a ɗakin ajiye tsintsiya na makarantarmu, a kunne, tana jiran baƙin da ba su leƙo ba.

Marigayiya ta zo garin nan da tsufanta. A kasuwar kwance ta Tashkent, babban birnin ƙasarmu, Malama Sarvinoz ta same ta, ta rungumo ta a cinya tun daga can, shekarar da shugaban makaranta, Holmat aka (wato Yaya Holmat, don girmamawa), ya roƙe ta ta dawo gida ta koya wa yara rubuta manhaja. Shi ne ya koya mata lissafi tana ƙarama, shi ya sa ba ta nemi ya rantse ba. Ya ce mata an kawo sababbin kwamfutoci cike da ɗaki, makulli na aljihunsa, ranar da ta iso zai danƙa mata. Ta iso. Aka ce ta bari a gyara wuta. Aka gyara wuta, aka ce ta bari a gama tsinkar auduga. Kafin nan aka ba ta ɗakin tsintsiya da soket guda. A nan Buvi ta kama aikin da sababbin ba su taɓa yi ba ko na yini ɗaya.

Marigayiya mai haƙuri ce. Idan aka kunna ta sai ta yi tari, ta yi gurnani kamar mai tashi daga tabarma, sannan ta ce "tit" sau ɗaya, yara su san ta farka. Ba ta taɓa tambayar yaro ɗan wane ne ba. Wanda ya rubuta umarni daidai ta yi masa biyayya, wanda ya kuskure ta nuna masa layin da ya ɓata, ta jira shi. A gabanta yara suka gane kuskure ba abin kunya ba ne, abin nema ne a gyara, darasin da har yau ba a karantar da shi a sauran azuzuwanmu.

Ciwonta ɗaya: ba ta son zafi. Don haka aka cire mata murfin gefe, aka ajiye ta kusa da taga, hanjinta a waje. Ba ta da kyan gani. Malama ta san haka, yara ma sun sani, ba wanda ya damu.

Ranar Laraba aka ce manya za su zo daga ofishin ilimi na lardi. Kowa ya san yadda muke yi idan baƙo zai zo: a shafa wa gindin bishiya farar ƙasa, abin da ba a son ido ya gani a lulluɓe shi da zanen suzani mai surfani. Malama ta kunna Buvi tun da hantsi don yara su nuna aikinsu, sai aka tura ta bakin ƙofa ta tsaya da 'yan mata masu tiren burodin tarba. Tana can a rana, mataimakiyar shugaba, Muhabbat opa (wato Yaya Muhabbat), aminiyar mahaifiyar Malama, ta shiga ɗakin. Ta ga wayoyi a waje. Ta mayar da murfin, ta rufe taga saboda ƙura, ta shimfiɗa wa marigayiya suzani mai kauri har ƙasa, ta ɗora kwanon rumman a kai.

Baƙi suka makara, kamar yadda ya dace da manya. Da suka iso aka wuce da su ɗakin sababbin kwamfutoci, wanda aka buɗe ranar don hoto. Aka zaɓo yara masu farar riga, aka zaunar da su gaban na'urorin da ko wuta ba a jona musu ba, aka ce su ɗora yatsu su yi murmushi. Aka ci shinkafar palov, aka yi jawabi a kan makomar matasa, aka mayar da kwaɗo. Mai shara ta ce ta ji marigayiya tana kuka a ƙarƙashin zane, "tit, tit, tit," ta ɗauka tsuntsu ne ya maƙale. Ƙaurin roba ne ya kira Malama. Ko da ta yaye zanen, rumman ɗin ma ya yi ɗumi. Mai gyara a birnin Namangan ya duba ya ce har rumbun ajiyar bayananta ya tafi.

Da Malama ta yi wa Muhabbat opa magana, sai matar ta ce, "Haba 'yata, da na bar ta tsirara a gaban mutane? Ai mutunci na yi miki."

Washegari Malama ta je ofishin Holmat aka, ta ce masa gasar yara ta lardi ta ƙarato, aikin yaranta ya ƙone, suna iya sake rubuta shi idan ya buɗe musu ɗakin. Ya zuba mata shayi da hannunsa, ya ce, "Sarvinoz 'yata, kin ga abin da nake gudu ke nan. Taki da kika riƙa kunnawa ina take? Nawa kuwa ga su can, ko ƙwarzane babu. Idan ɗaya ta lalace, ni za a tambaya."

Ta ce, "Malam, idan yaran suka lalace wa za a tambaya?"

Ya ce ta sha shayinta kada ya huce.

Malama Sarvinoz tana so a sani cewa ba tsufa ne ya kashe marigayiya ba. Mu ne, mu da muka fi son a ga abu da a yi amfani da shi, muke kiran tsoro da sunan kula da kayan gwamnati.

Marigayiya ta rasu ta bar linzamin kwamfuta ɗaya mai ɗingishi, da madannai da yatsu suka shafe haruffansu, da fankar tebur da ta yi jinyarta. Ta bar ɗaliba Zebo, wadda ta shafe hunturu tana rubuta manhajar raba wa gonaki layin ruwan ban-ƙasa, don ta gaji da jin babanta da maƙwabcinsu suna zage-zage a bakin magudana. Ta bar Ulugbek, wanda ba ya iya karatu a gaban aji sai muryarsa ta sarƙe, amma ya sa kyanwa ta yi tsalle a fuskar kwamfuta har 'yan ajinsu suka bi layi. Ta bar sauran yaran, waɗanda har jiya suka zo bayan tashi suka tsaya a ƙofa. Tana da 'yan uwa na nesa a ɗakin da ke kulle, amma ba su san ta ba.

Za a ɗauki marigayiya ranar Asabar bayan tashi daga makaranta. Yara ne za su ɗauke ta, daga ɗakin tsintsiya zuwa ƙofar ɗakin sababbin kwamfutoci, a nan za a ajiye ta. A nan kuma Malama za ta zauna karɓar gaisuwa, a ƙasa, ita da ɗalibanta, suna sake rubuta aikinsu da alli a jikin bango, kullum, har a buɗe. Ana gayyatar iyaye su zo su gani da idonsu. Ba za a dafa komai ba, ba za a ɗauki hoto ba.

An keɓe wa Holmat aka kujera a sahun gaba, don girmansa da kuma karatun da ya ba mai makoki. Ba a buƙatar jawabinsa. Ana dai so ya zo da makullin.