Ranar da Na Sa Tarago Guda Ɗaga Ƙafa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da yake na yi ƙoƙarin mantawar, da ranar da na fara shiga jirgin ƙasa mai aiki da lantarki. A farkon shekarun saba'in ne, ina ganin watanni biyar ko shida bayan na dawo Jidda da digirina na tarihi daga Alkahira.

Lokacin ina neman auren Nafisa, 'yar Ammi Usman, wani Bahaushen Sudan mai shagon yadi a unguwar Bagdadiyya, nan Jidda. Manyana sun je sun yi magana, ya ce zai yi shawara, aka yi wata biyu shiru. Kwatsam sai ya aiko a kira ni. Ciwon gwiwa ya matsa masa, an ce ya je Hilwan, kudu da Alkahira, ya yi wankan ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa a can.

"Kai ka san garin, ya ustaz," in ji shi. "An ce akwai jirgin kahraba, mai lantarkin nan, da ke kai mutum har can. Ka saba shiga ai?"

"Eh to, za a iya cewa na san shi," na ce. (Na san shi kam. Shekara huɗu ina ganinsa daga nesa, ina sake hanya.)

Kafin ku yi mini dariya, ku ji uzurina. A unguwar Mahjar ta Jidda na tashi, a gidan da firjinmu ke jan duk wanda ya taɓa shi ba takalmi. Mahaifiyata ba ta buɗe shi sai da silifa a ƙafa da tsumma a hannu. To in ɗan firji yana haka, ina ga ƙarfen da ke jan mutum ɗari-ɗari? Ban tambayi kowa ba. Mai digiri ba ya tambaya, lissafi yake yi.

Haka na zama ɗan rakiyarsa, muka isa Alkahira. Da safe a tashar na zaunar da Ammi Usman na karanta masa dokoki. Na sa masa silifar roba da na sayo tun daga Jidda, na karɓi agogonsa da zobensa na ƙulle a hankici, na naɗe ƙarfen gindin sandarsa da tsumma.

"Ya ammi, ban ce lallai zai ja ka ba, amma mai yiwuwa ne. Kada ka taɓa ƙarfe."

Ya dube ni, ya dubi silifar. "Tayyib," kawai ya ce.

Jirgin ya iso yana gurnani. Tun a lokacin tsoho ne, fentinsa ya koɗe, bencinan sun yi santsi don zama. (Na ji an ce irinsa suna nan suna aiki a wasu layukan wajen gari, amma ban tabbatar ba.) Na samar wa Ammi Usman wurin zama, ni kuwa na tsaya a tsakiya, na cusa hannuwana a hammata. Kowa ya riƙe sandar ƙarfe, ni ina ta mamakin gangancin Misirawa.

Tasha uku na yi ina tangaɗi kamar mai rawa, ban taɓa komai ba. Har na fara jin ni gwani ne. Can sai aka ji tas! tas! a saman rufi, wani shuɗin haske ya gilma ta taga, fitilun tarago suka ɗauke. Zuciyata ta ce shi ke nan, wutar ta sauko. Na buɗe murya iya ƙarfina, da Larabci da Hausa a haɗe:

"Irfa'u rujulkum! Ku ɗaga ƙafa! Ya ammi, ɗaga ƙafa!"

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne sun ɗaga. Wallahi rabin taragon ya ɗaga, har da wani mai kwat da jarida. Ni ma na ɗaga ɗaya, na tsaya a kan ɗaya. A daidai nan direba ya taka birki. Mutum mai ƙafa ɗaya, hannuwa a hammata, ba shi da zaɓi da yawa. Na tafi da baya na zauna daram a cikin kwandon tumatirin wata tsohuwa.

Fitilu suka dawo. Sai dariya ta ɓarke tun daga wannan ƙofa har waccan. Tsohuwar ta rungume sandar ƙarfen da hannu biyu, tana jijjiga ta.

"Ya ɗana, tun ina amarya nake riƙe wannan! Ga ni nan, ban gasu ba!"

Ammi Usman ya miƙe da gwiwarsa mai ciwo, ya kama ƙarfen da hannu ɗaya, ya ciro ni da ɗayan. Ya ba tsohuwar haƙuri, ya saye kwandon duka. Kafin mu sauka a Hilwan, farar jallabiyata ta zama abin da ba na son kwatantawa.

"Ya ustaz, sau nawa ka shiga jirgin nan?"

"Idan aka haɗa da yau," na ce, "sau ɗaya."

Na sunkuyar da kai, na riga na yi ban kwana da Nafisa a raina. Ya dube ni, kafaɗunsa suna rawa don dariya.

"Wato a ganinka jirgin kashe mutane yake, amma ka shigo saboda gwiwata. Halas, shi ke nan. In mun koma, ka turo manyanka. Sai dai ka daina cewa ka sani. Yalla, ba ni agogona."

Na ɗauka maganar ta mutu a Masar. Ranar ɗaurin aure, ina shiga zauren, wani ya kunna fanka. Yayyen amarya su shida, da kawunnanta, da Ammi Usman kansa, duk suka ɗaga ƙafafu sama a tare. Liman ne kaɗai bai ɗaga ba, shi ma ina zargin rigarsa ce ta hana shi.

Darasin da na koya, in har na koya, shi ne "ban sani ba" kalma uku ce, ana faɗinta cikin numfashi ɗaya a wuce. Wanda ya ƙi faɗinta kuwa, surukansa za su yi shekara arba'in suna tuna masa.