Ranar da Na Durƙusa wa Kwalin Alhaji Sale

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Guangzhou ba, ranar da na so ƙasa ta tsage in shige, ita kuwa ta ƙi.

Aikina tura kaya. Ina da ɗan ofis a benen Tianxiu, 'yan kasuwarmu na Kano da Maraɗi su sayo kaya su jibge mini, ni in ɗaure in kai tashar jirgin ruwa ta Huangpu a loda a kwantena. Kowa ya san ni da rawar jiki. Waya biyu nake riƙewa, a tsaye nake cin abinci, kuma abin da nake taƙama da shi shi ne kwali ba ya kwana a ofishina. (Ku riƙe wannan taƙamar, za mu dawo kanta.)

Ni Katolika ne, ɗan wajen Malumfashi. A coci na haɗu da Sista Filomena, wata tsohuwar sista daga Goa ta Indiya, wadda ta zo jinyar ido wajen ɗan ƙaninta Antoni. Wata Lahadi na ji ta da mutanenta suna wata waƙa bayan Mas, ban gane ko kalma ɗaya ba amma tsigar jikina ta tashi. Na tare ta a bakin ƙofa na ce wane yare ne wannan, ta ce Konkani, harshen garinsu. Nan take na ce sai na koya. Ni haka nake, in abu ya shiga kaina ba na iya zama.

Wata shida ina zarya gidan Antoni. Da wani littafi take koya mini, mai baƙin bango, duk ya sha hannu. Ta ce tun tana budurwa a gidan sistoci take bin ƙauyuka, ta zauna da tsofaffin mata su rera mata waƙoƙin addu'a ita kuma ta rubuta. Yawancin matan sun rasu, wasu waƙoƙin ma babu su ko'ina sai a cikinsa. Na taɓa cewa ta bari in ɗauki hoton shafukan, ta ce to, sai wayata ta yi ƙara na fice, ban sake tuna maganar ba.

Mutanen Goa suna da wata al'ada. Akwai siffar Uwa Maryamu a cikin ɗan akwatin gilashi, suna ce mata Saibinn, takan zaga gida-gida. Gidan da ta sauka a taru a yi rosari, wato addu'ar carbi, a rera waƙoƙi, mai gida ya raba dafaffen wake irin nasu da yankakkiyar kwakwa. A nan Guangzhou ba su fi gida takwas ba, kuma littafin Sista tare yake yawo da siffar, don daga cikinsa ake rerawa. Na dame ta da naci sai an kawo wajena. Gaskiyar magana, so nake a ga Bahaushe yana jan addu'a da Konkani a tafa masa.

Ta yarda. Ta ce tunda wajena da nisa Antoni zai kawo ranar Juma'a, a taru Asabar da rana, kuma kada in buɗe sai jama'a sun hallara an fara waƙar maraba.

Antoni ya iso da Saibinn da littafin a cikin kwali, irin kwalayen da kowa ke zuba kaya, don jirgin ƙasa ya biyo. Ina kan waya da wani laoban, wato mai shago, na kasuwar Shahe, da ke ta maimaita mini "mai-yo, mai-yo", wato babu, na nuna masa ƙasa da haɓa na ce ya ajiye nan, yanzu zan shigar da shi ciki. Bai daɗe da fita ba kayan Alhaji Sale suka iso, wani ɗan Maraɗi da muka daɗe muna hulɗa, kwali ashirin da huɗu. Na hau aiki kamar inji. Liƙe, buhu, rubuta Maraɗi, tura. Na ƙirga ashirin da huɗu cif, mota ta tafi, kwali ɗaya ya rage a tsakar ofis.

Na wanke hannu. Na ɗauke shi da ladabi na kai ɗakin ciki, na shimfiɗa farin zane a tebur, na kunna kyandir. (Na ji bai yi nauyi ba, amma na ce ai abu mai tsarki ne.) Da yamma na durƙusa a gabansa na yi rosari, da safe na ƙara, har da hawaye, don na tuna tsohuwata.

Asabar baƙi suka cika ɗakin, mutum goma sha biyu, Sista a kujerar gaba. Alhaji Sale ma yana nan, ya zo karɓar takardunsa, ya tsaya daga bakin ƙofa yana cin waken yana cewa wannan ai da ɗan yaji da ya fi. Na sha farin yadi. Na gyara murya na yi jawabin maraba da Konkani, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, wata tsohuwa har ta dafa ƙirji. Kaina ya kumbura. Aka ɗauki waƙa, na yanke liƙin, na buɗe kwalin a hankali ina kallon sama.

Waƙar ta mutu a bakin mutane ɗaya bayan ɗaya. Na duba. Rigunan mama ne, ja da ruwan hoda, dozin-dozin a leda. Don tsabar ruɗewa sai na zura hannu na zaro guda ɗaya na ɗaga, ko Saibinn tana ƙarƙashi.

Daga bakin ƙofa Alhaji ya kira ni da sunan da ya laƙaba mini, ya ce, "Patron, wannan ai kayana ne."

Wani ya fara dariya, amma ta tsaya masa a wuya, saboda Sista ta miƙe. Idonta ba ya gani sosai, ta laluba cikin kwalin da hannu har ƙasa, sannan ta juyo wajena.

"Ɗana, littafin fa?"

Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. A lokacin na daina jin kunyar rigunan, tsoro ya kama ni, don na san inda kwalin yake, kuma na san ƙarfe biyar za a rufe kwantenar ta kama hanyar Kwatano.

Muka cika tasi uku muka nufi Huangpu. Ina kiran mai siton da ake loda kwantenar yana kashewa, ina ce wa direba ya taka da Hausa da Turanci da guntun Sinancina. Da muka isa an riga an loda fiye da rabi, kayan Alhaji kuma su aka fara sakawa, suna can ƙurya. Mai sito ya ce ba zai sauke ba sai mai kaya ya yarda, kuma in lokaci ya ƙure sai jirgin wani mako. Na kalli Alhaji. Na san kasuwar salla yake so ya cimma.

Ya kalli Sista da ke zaune a kan wani buhu, sannan ya tuɓe babbar rigarsa ya ce, "Ni ba ruwana da mutum-mutuminku. Amma baiwar Allah nan amana ta ba ka. A sauke."

Da ni da shi da Antoni da 'yan dako muka yi ta fito da kaya, farin yadina ya koma kalar ƙasa. Duk buhunan iri ɗaya, duk da rubutuna mai kyau, Maraɗi. Sai a na sha tara muka sami Saibinn da littafin, a nannaɗe da tawul, gilashin ko tsagewa bai yi ba. Sista ta karɓi littafin ta shafa bangon, ta shinshina shi, ta rungume. Muka mayar da kayan, aka rufe kwantenar saura 'yan mintuna.

Na zaci za mu lallaɓa mu tafi. Ina! Sista ta ce ai a nan Saibinn ta kwana, saboda haka nan ne gidan da ta sauka, a nan za a yi mata addu'a. Aka ɗora ta a kan kwalayen takalma, Sista ta ce in ja addu'ar. Wallahi duk haddar wata shida ta gudu. Na buɗe baki babu abin da ya fito, tsofaffi suka ɗauka suka yi abinsu, ni ina tsaye ina zufa. Da aka gama ta juya wajen Alhaji ta ce masa "Dev borem korum." Ya tambaye ni me ta ce, na ce cewa ta yi Allah ya yi masa alheri. Fassarar da na iya yi ke nan a ranar, ya ce amin.

A hanyar dawowa ta yanke mini hukunci. Duk Lahadi zan zauna a gabanta in kwafe littafin da hannu, shafi-shafi, waya a kashe. Na ce ai hoto ya fi sauri, ta ce ta ga abin da saurina ya iya. Wata tara na yi. Konkanin da na iya yau a nan na koye shi, kuma kafin ta koma Goa littafin ya zama biyu.

Alhaji kuwa ya baza labarin a Tianxiu. Har yau in ya kawo kaya sai ya tsaya a ƙofa ya ce, "Patron, wanne za ka yi wa addu'a, in ware maka?"

Na bar taƙamar kwali ba ya kwana. Yanzu duk kwalin da ya shigo hannuna sai na buɗe na leƙa, kafin in liƙe shi, da kuma kafin in durƙusa masa.