Warkin Aro da Ruwan Karkashi

Ba zan taɓa mantawa da kakar da aka tura ni fagen kokawa ba, kuma ko na so in manta, mutanen garinmu ba za su bari ba. Gemuna ya yi fari, ina da ɗalibai na kaina, amma har yau in an zauna ana ɓarar gyaɗa sai wani ya ce, “Malam, a ba yara labarin karkashi mana.” To, gara in faɗa da bakina, tunda kowa ƙara masa gishiri yake yi.

Makarantarmu ƙarama ce, a wani ƙauye kusa da Makoda. Malam Sambo ne ya kafa ta, mu gardawansa kuwa ba mu cika zaure ɗaya ba. Can wajen Ɗambatta akwai tsangayar Goni Bukar, Babarbare wanda kakanninsa suka daɗe a ƙasar Kano, ɗalibansa kamar tururuwa. Shi da Malam tare suka yi karatu suna samari, su ne kuma suka ƙago mana wannan jaraba: duk kaka, in an gama yankan dawa, gardawan makarantun biyu su kara a kokawa. Dokar ɗaya ce. Duk wanda gwiwarsa, ko hannunsa, ko gadon bayansa ya fara taɓa ƙasa, an ka da shi. Makarantar da ta sha kaye kuwa ita za ta jide dammunan ɗaya malamin daga gona zuwa rumbu, a ka, da rana tsaka, 'yan mata na biye suna waƙa.

In tarihin wannan karawa ake so ni za a tambaya, don ni ne mai yi wa namu kirari. Tarihin ba shi da tsawo. Shekarar farko mun jidi dawa. Shekarar fari ma mun jida (Allah ya rufa asiri, ba ta yi yawa ba). Shekarar da Goni ya ƙara gona kuwa mun gane kurenmu. Sau ɗaya tak muka ci, tun kafin in zo, shi ma don zawo ya kwantar da rabin tsangayarsu ne, amma in ka ji shi a kirarina sai ka rantse yaƙi aka yi. Har ta kai jakunan Goni hutu suke yi da kaka, sun yi ɓul-ɓul, mu kuwa tsakar kanmu duk ta saɓule.

A waccan shekara mun sa rai, don muna da Tanko, ƙato mai ɗaga turmi da hannu ɗaya. Ana gab da ranar sai kurkunu ya fito masa a ƙafa, ko takawa ba ya iya yi. Dole kuma a cike gurbinsa. Malam ya duba zaure ya sake dubawa, sannan idonsa ya tsaya a kaina, ya ce tunda na fi kowa sanin yadda ake ka da mutum da baki, bana sai in nuna da ƙirji. Aka ajiye ni a ƙarshe, wai kafin a zo kaina magana ta ƙare. Na ƙarshensu kuwa Kyari ne, ɗan maƙera, wuyansa kamar na bijimin sa.

Na zauna na yi wa kaina hisabi. Ƙarfi dai babu, to sai dabara. Na taɓa ganin Inna Hajo, matar Malam, tana wanke kai da karkashi, na ga yadda ƙwarya take suɓuce mata. Na je na roƙe ta garin karkashin, na ce kaina zan wanke. Ta dubi ƙwalƙwal ɗin kaina, ta daɗe tana dubansa, sannan ta miƙo mini. Na jiƙa shi da kanwa a 'yar gora har ya yi yauƙin da ko ƙuda ba zai iya tsayawa a kai ba. Tanko ya ara mini warkinsa na fata, wanda zai ɗauki irina biyu, ya kuma ce ɗan kokawar ƙwarai ba ya sa bante a ƙarƙashin warki. (Har yau ban san ko gaskiya ya faɗa ba, ko zafin kurkunu ne ya sa yake neman abokin wahala.)

Ranar, fage ya cika. Masu ganga, masu ƙosai, tsofaffi a kan tabarmi, har jakadan hakimi da ya zo karɓar zakka an shimfiɗa masa buzu. Sai abin da bai taɓa faruwa ba ya faru: namu suka dage, a ka da namu, mu ka da nasu, har aka yi kunnen doki. Shekara da shekaru muna roƙon Allah ya kawo wannan rana, sai ya kawo ta a kaina. Na zagaya bayan wata kuka, na juye gorar nan tun daga wuya har cinya, na fito ina ƙyalli kamar mai gumin jarumta.

Kyari ya cafki kafaɗata, hannunsa ya zame. Ya kama wuyana, na sulale. Ya rungumo ni gaba ɗaya, na fice ta ƙasan hammatarsa kamar tarwaɗa. Fage ya ɗauki sowa, wasu na cewa laya ce, wasu na cewa rubutun Malam ne. Ni kaina har na fara yarda, na ɗaga hannu ina yi wa kaina kirari. Kyari ya tsaya ya sansana tafinsa. Ya goga shi a ƙasa, ya matso a hankali, ya damƙi abu ɗaya da ya rage mai kamuwa a jikina, wato warkin Tanko, ya kafe dugadugai ya fizga da iyakar ƙarfinsa. Ashe karkashin ya gangara cikin ƙullin igiyar. Warki ya tafi, Kyari ya bi shi da baya.

To, ga inda abin yake ƙona mini rai har gobe. Kyari ya riga ya tafi, ƙafafunsa sun bar ƙasa, babu abin da zai tare shi. Da na tsaya cak na ƙiftawar ido ɗaya, da gadon bayansa ya dira, da jakunan Goni sun san kaka ta yi. Amma na ji iska ta buga ni inda ba ta saba ba, na ɗaga ido na ga Malam, na ga Inna Hajo, na ga jakada ya saki goro daga baki. Ban san lokacin da na zube a kan gwiwoyina na dunƙule ba. Gwiwata ta riga bayansa isa ƙasa, kowa kuma ya gani. Tsohon da yake alƙalanci ya so ya yanke hukunci, dariya ta hana shi, sai nuna ni kawai yake yi da sanda.

Kyari ya kawo mini warkin riƙe da yatsu biyu, ya ce, “Ga kayanka, ɗan'uwa, sai dai miya ta ɓata shi.” Abokaina kuwa ba su ji haushin maguɗin ba, ba su ji haushin tsiraicin ba. Abin da ya dame su durƙuson. Tanko yana kan jaki da ƙafa a naɗe ya ce, “Da ka tsaya mana. Me za su gani wanda zai hana su barci?”

Da yamma Malam ya kira ni zaure. Ya yi mini faɗa sosai a kan ha'inci, ya ce a duk abin da na aikata ranar, durƙuson nan ne kaɗai daidai, don kunya tana cikin imani. Raina ya ɗan yi sanyi. Sai ya juya ya tambayi Tanko yawan dawar Goni a bana, aka ce ta ninka ta bara. Ya shafa gemu, ya ce a hankali, “Amma dai, ɗan nan, da ka ɗan jinkirta.”

Washegari aka zaɓo damin da ya fi kowanne girma aka ɗora mini, 'yan mata kuma sun kwana da sabuwar waƙa mai amshi, har da sunana a ciki. Tun daga gona har bakin rumbu karatu ɗaya nake bita, ban kuma taɓa mance shi ba: wanda zai shafa abin da zai hana mutane riƙe shi, ya fara tabbatar cewa ɗamararsa ita za ta iya riƙe shi.